Kik ɗin BSA ya fara fin ƙarfin gwiwata: in sayar, ko akwai dabara?

Baban Zainab, Birmingham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 68, na yi ritaya daga tuƙin bas a nan Birmingham. Ina da babur BSA A65 Lightning ƙirar 1968, mai silinda biyu da kafireta biyu na Amal. Daga hannun wani dattijon Bature na saye shi, wanda ya yi aiki a masana'antar BSA ta Small Heath tun yana saurayi. Gidana bai da nisa da Armoury Road inda aka ƙera shi. Kawuna ya hau BSA a Katsina lokacin ina yaro, kuma ƙarar injin nan ba ta taɓa barin kunnena ba.

Damuwata ita ce kik. Tun farkon sanyin bana ya fara dawowa yana dukan ƙafata idan na taka. Na ƙarshen da ya yi mini, gwiwar dama ta kumbura har sai da na koma yin salla a kan kujera na ɗan lokaci. Uwargida da yara sun haɗa baki cewa in sayar. Ba na ganin laifinsu, tausayi ne. Amma ni ranar da na fita da shi wajen gari da hantsi, na bi ƙananan hanyoyin Warwickshire, ita ce ranar da nake dawowa gida da walwala. Wanda ya riƙe babur ɗin kafin ni ya cire kwantak, wato tsohon tsarin ba injin wuta, ya sa na'urar wuta ta zamani. Shin laifin babur ne ko na shekaru? Waɗanda suka girme ni kuma suke hawa har yanzu, yaya kuke yi?

Malam Habu, Leicester:

Wa alaikumus salam Baban Zainab, Allah ya ƙara sauƙi. Na ba ka shekara huɗu, kuma ina nan kan Norton Commando 850 ɗina na 1974. Kada ka yi gaggawar sayarwa.

Lafiyayyen injin ba ya dukan mai shi. Idan kik ya dawo, wuta ce ta tashi kafin fistin ya kai ƙololuwa, sai ta tura shi baya. Tunda ka ce an sa na'urar zamani, kuma abin ya fara da shigowar sanyi, batir nake zargi kafin komai. Yawancin waɗannan na'urori suna son batir mai cikakken ƙarfi. Da ya yi ƙasa da bolt 12 sai lissafinsu ya rikice, su ba da wuta da wuri. Babur ɗin da ke kwana a gareji mai sanyi makonni ba a tayar ba, ai batirinsa sai ya yi laushi. Ka auna shi, ka duba wayar da ke zuwa jikin firam, ka tuna kuma waɗannan baburan fositib ne ke zuwa jiki, akasin na yanzu. Bayan nan a duba taimin da fitilar aunawa, kada a yi da ido.

Sai maganar mai. Tun Satumban 2021 da aka mayar da E10, wato fetur mai etanol har kashi 10 cikin ɗari, man gama-gari a ƙasar nan, ni E5 mai ƙarancin etanol kawai nake sha. Sinadarin etanol yana jan ruwa, yana cin roba, yana toshe ƙaramar hanyar mai ta cikin Amal, wadda da ita injin ke tashi. In ta toshe, za ka yi ta buga kik har ka jiƙe da gumi. Yawan bugun shi ke gajiyar da gwiwa.

Ni da kaina na sa wa nawa sitata na kamfanin Alton na Faransa, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Norton da kansu sun sa sitata a Commando a 1975, Triumph suka sa a Bonneville a 1980. Akwai masu cewa an ɓata asalin babur. Su faɗa. Gara a gan shi a kan titi da sitata da ya yi tsatsa ƙarƙashin tamfol.

Abu ɗaya kuma: doka ta yafe wa abin hawan da ya haura shekara 40 gwajin MOT, wato duba lafiyar abin hawa na shekara-shekara, da harajin hanya, amma ni duk shekara sai na kai wani ya duba mini birki da taya. Ido biyu sun fi ɗaya.

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Alhaji, sannu da jiki. Jikana ne ya karanta mini wannan, na ce sai na sa baki. A kan irin waɗannan na koyi aiki, BSA da Triumph da Matchless, kafin Honda da Suzuki da Yamaha su cika gari su ture su. Har yau ina da sifanun Whitworth, masu tsohon awon Ingila, na maigidana, Allah ya jiƙansa. Ba sa shiga kowane noti na babur ɗin yanzu, amma ban iya rabuwa da su.

Abin da Malam Habu ya faɗa haka yake. Ni yadda ake takawa zan ƙara. Babur ɗin Ingila ba a yi masa bugun sauri irin na ƙananan baburan acaɓa. Ka ɗora shi a kan ƙafar tsakiya tukuna, don kada ka haɗa riƙon nauyi da bugu. Ka kama kuloci ka taka sau ɗaya ko biyu don faifan su saki juna. Ka danna ɗan maɓallin kafireta har mai ya leƙo, duka biyun. Sai ka taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka ɗan wuce wurin kaɗan, ka bar kik ya dawo sama. Daga nan ka ɗaga jikinka ka sauko da nauyinka gaba ɗaya har ƙasa, kada ka tsaya a rabi. Nauyin jiki ke tayar da shi, ƙarfin cinya ba ya yi. Kuma kada ka miƙe gwiwa ta sandare a ƙarshe, ka bar ta da ɗan lanƙwasa, ko da ya dawo ba zai same ta a kulle ba. Totur kuma ɗan kaɗan. Wanda ya murɗe shi da yawa shi ya gayyato duka.

Ka duba wani abu. Idan ya daɗe a ajiye, baƙin mai yakan sulale daga tankinsa ya taru a ƙasan injin. Sai kik ya yi nauyi, in ya tashi kuma ya yi ta hayaƙi. Leƙa tankin kafin ka taka. In ka ga man ya ragu alhali babu ɗigo a ƙasa, yana cikin injin. Ka kwance ƙasa ka tsiyaye shi ka mayar.

Maman Iman, Manchester:

Baba, ina yi maka sannu. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, kuma ina ganin iyayenmu masu irin wannan ciwo. Ina roƙonka ka bari a duba gwiwar kafin ka sake takawa, domin kumburin da ya hana sujada ba ƙaramin abu ba ne.

Su Baba sun yi maganar kik, ni nauyin ne ya fi damuna. Irin naka ya kusa kilo 180. A kan titi ba a jin sa. Wajen tura shi baya a gareji, ko ɗora shi kan ƙafar tsakiya, ko tsayawa a mahaɗa mai gangara, a nan dattawa ke faɗuwa, kuma karayar ƙugu a shekara 70 ba ta warkewa da wuri. Mahaifina ya sauka daga babur mai cc 650 ya koma Triumph Tiger Cub mai cc 200. Da farko ransa bai so ba, yanzu ya fi da yawan fita. Akwai kuma BSA Bantam, tunda zuciyarka na Small Heath. Kowannensu giya a dama take, birki a hagu, kamar yadda ƙafarka ta saba. Wannan yana da muhimmanci: kada ka riƙa sauyawa tsakanin tsoho da na zamani mai giya a hagu da birki a dama, don ranar da yaro ya faɗo titi ƙafa abin da ta saba za ta yi.

Baban Zainab, Birmingham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Habu, na auna batir da safen nan, yana ƙasa da 12, na riga na yi odar sabo. Baba na Kaduna, Allah ya ƙara girma, na leƙa tankin baƙin mai na tarar ya yi ƙasa sosai, ga gareji a bushe. 'Yata Maman Iman, na kira likita sun ba ni rana, kuma ba zan taka ba sai sun gani. Na nuna wa uwargida amsarki, ta ce maganar Bantam ta fi kwanta mata. Lightning dai ba zan sayar ba a bana. In Allah ya kai mu Afrilu zan je baje kolin tsofaffin babura na Stafford in zauna a kan Bantam da Tiger Cub in ji yadda ƙafata ke kai ƙasa. Malam Habu, in za ka je ka sanar da ni mu haɗu.