Ƙauyen fadama a ƙasar Augie: hanya, ruwan sha da asibiti fa?

Ummu Fa'iza:
Assalamu alaikum. An tura ƙanena koyarwa wata firamare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi, zai tare can da iyalinsa, har da jariri ɗan wata biyu. Masu sanin yankin, yaya ƙasar take? Ina ruwan sha, ina asibiti, kuma wane lokaci hanya ke tsinkewa?

Bakabe:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da za ki fara tambayarsa shi ne ƙauyen a tudu yake ko a bakin fadama, don a can gulbi ke tsara komai. Augie tana arewa da Argungu, ta ɓangaren iyaka da jihar Sakkwato. Ruwan Rima da na gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da Wamakko, su gangaro ta nan su wuce Argungu da Birnin Kebbi. Saboda haka ambaliya ba sai an yi ruwan sama a ƙauyen ba. Idan madatsun Goronyo da Bakolori suka cika aka saki ruwa, yana iya isko ku rana na ƙwallewa. Agusta da Satumba ne lokacin, kuma shekarun 2010 da 2020 har yau ana ba da labarinsu.

Tarihin ma fadamar ce. Bayan da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya wannan yanki suka riƙe, tabo da ruwa suna tare musu dawaki. Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849, kuma ba a daidaita da Sakkwato sosai ba sai zuwan da Sarkin Musulmi Hassan ya yi Argungu a 1934, wanda daga shi bikin kamun kifi ya samo asali. Augie na cikin ƙananan hukumomi 4 na masarautar Argungu, tare da Argungu, Arewa da Dandi. Ƙanen naki ya lura kuma, a nan "uban ƙasa" shi ne babba, hakimi na ƙarƙashinsa, ba kamar Kano ba. Gaisuwar hakimi ita ce aikin ƙanen naki na farko.

Mai Gyaran Famfo:
Ruwa ba ya wuya a fadama, mai tsabta ne ke wuya. Rijiyar noman rani ba ta da zurfi, da ambaliya ta zo sai ta haɗu da ruwan masai. Rijiyar sha ta nisanci masai da aƙalla mita 30. Su nemi famfon tuƙa-tuƙa na burtsatse, su kuma san irinsa.

Irin da ake kira India Mark II yana da bututun ƙarfe, kowane tsayin mita 3, da rodi a ciki da sarƙa a kai. Idan sai an yi ta tuƙi da safe kafin ruwa ya fito, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo ko bututu ya huje. Idan hannu ya yi sakayau babu ruwa sam, sarƙa ta tsinke ko rodi ya kwance. Ruwa kaɗan-kaɗan kuma robar silinda ce ta cinye, yashi ke jawo hakan. Ja-ja a ruwan farko tsatsa ce. Matsalarsa, gyaran ƙasa sai an zaro bututun duka, aikin mutum 4 ne da kayan aiki. Wani irin kuma, Afridev, bututun roba gare shi, ana zaro rodi da fulanja (abin da ke ɗago ruwa a silinda) ba a taɓa bututu ba, shi ya sa na fi son sa ga ƙauye mai nisa. Kowanne ne, giris a sarƙa ko duba kusoshi duk wata ya fi tara kuɗin gyara.

Unguwarzoma:
Malama, jaririn nan ne abin dubawa. Allurar Penta (rigakafin cututtuka biyar) da ɗigon shan-inna ana yin su a sati 6, 10 da 14, rigakafin ƙyanda da na ciwon shawara a wata 9. Ɗan wata biyu yana tsakiyar jeri ke nan, kada katin ya ɓace a kaya. Ƙaramin asibiti yakan ware ranar rigakafi guda a sati, saboda allurar daga firji ake ɗauko ta cikin akwatin sanyi. Su tambayi ranar.

Da damina ana bi gida-gida da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, kwana 3 a jere kowane wata. Inda ake kuskure, a sha na ranar farko a gaban ma'aikaci a watsar da sauran biyun. Su ajiye ORS (haɗin gishiri da sukari) da ƙwayar zinc a gida saboda zawo. Zinc kwana 10 ne ko zawo ya tsaya. Yaran da ke wanka a tafki kuma a kula da fitsarin jini, tsargiya ce, tana da magani. Tiyata da ƙarin jini sai babban asibiti, don haka mai ciki da ta kusa kada Agusta ta same ta a tsallaken ruwa.

Bakabe:
Ƙari kan hanya: ya shigar da hatsi, gas da magani kafin ƙarshen Yuli. Babur ya fi mota a laka. In ta kama a hau kwalekwale, ban da dare, ban da wanda aka loda wa buhuna da babura tare da mutane.

Ummu Fa'iza:
Allah ya saka da alheri. Ya ce makarantar a tudu take, amma asibitin na tsallake. Zan sa ya tambayi ranar rigakafin tun yau.