Gashin na'ura ga ciwon ƙashi na mayeloma: me kuke gani a ɗakin jinya?

Mai jinya:
Assalamu alaikum. Masu aiki a ɗakin gashi da ɗakin masu cutar jini, ku taimaka mu haɗa abin da kuka sani wuri guda. Maganar mai mayeloma ce, wato sankarar ɓargo, da aka ce za a yi masa gashi saboda ciwon baya ko ƙugu. Sau nawa ake yi, yaushe sauƙi ke zuwa, me kuma ke kwaɓewa a hanya?

Ma'aikacin na'ura:
Wa alaikumus salam. Da farko kada a haɗa shi da gashin ƙashi na masu motsa gaɓoɓi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan haske ne mai ƙarfi dangin na hoton ƙashi, kuma ba a jin zafinsa lokacin da yake shiga. Galibi ranar farko ba a gashi. Hoton CT ake ɗauka a kwance, a sa alama a fata, wani lokaci ɗigon tawada kamar kan allura. Kada a goge alamar nan wajen wanka, da ita muke saita mutum kullum. In wuya ne ko kai, ana yi masa abin rufe fuska na roba daidai fuskarsa don kada ya motsa.

Awon hasken sunansa gire. Don rage ciwo akan ba da gire 8 sau ɗaya, ko 20 cikin kwana 5, ko 30 cikin kwana 10. Zama ɗaya minti 10 zuwa 15 ne, mafi yawansa ma saiti ne. Abin da ya fi ba mu wahala gadon ne: tauri gare shi kamar katako, mai ciwon baya kuwa ba ya iya kwanciya shiru a kai. A sha maganin ciwo mai saurin aiki kamar rabin awa kafin a shigo. Bayan an fito babu haske a jikinsa, zai iya ɗaukar jariri.

Nas ta ɗakin jini:
Malam ya faɗi daidai, amma bari in ƙara abin da ya fi tayar wa iyalai hankali. A kwanakin farko ciwon yakan ƙaru kafin ya ragu. Kusan mutum ɗaya cikin uku na gamuwa da haka, kwana ɗaya zuwa uku sai ya lafa. Kumburi ne ke tasowa a wurin da aka gasa, ba cutar ce ta yi tsalle ba. Wasu likitoci na ba da dexamethasone, maganin rage kumburi, na 'yan kwanaki don tare shi. Mai ciwon suga ya riƙa auna sugansa, domin maganin na ɗaga shi.

Sauƙi na gaske kuwa sai bayan mako ɗaya ko biyu, wani ma sai mako huɗu zuwa shida. Don haka ba a ajiye morfin, maganin ciwo mai ƙarfi, ranar da aka gama gashi, a hankali ake rage shi da sanin likita. Idan ciwo ya sauka aka ga mutum ya fara yawan barci ko rikicewa, maganin ya yi masa yawa ke nan, a faɗa da wuri. Kuma don Allah, ban da ibuprofen da diclofenac. Mayeloma dama tana cin ƙoda, waɗannan kuma ƙarasa ta suke yi.

Mai jinya:
Na gode 'yar'uwa. To me ya sa wani sau ɗaya, wani sau goma?

Likitan gashi:
Wajen kashe ciwo sau ɗayan ba ya kasawa, kuma ya fi wa wanda tafiya ke wahalarwa. Sai dai an fi komawa a maimaita bayansa, ƙashin kuma ya fi sake cikowa idan an raba gashin kwanaki da yawa. Mayeloma na jin haske ƙwarai, shi ya sa ba ma buƙatar awo mai yawa. Inda lissafi ya canza shi ne ƙari guda ɗaya tak wanda bai bazu a ɓargo ba, plasmasaitoma. Nan nufin a kawar da shi ne, sai a kai gire 40 zuwa 50 cikin mako huɗu zuwa biyar.

Abin da nake so a riƙe shi ne ɓargo. Yawancin ɓargon da ke haɗa jini a jikin babba yana ƙashin ƙugu da na baya, daidai inda aka fi gasawa. In aka gasa fili mai faɗi jini zai sauka, maganin cutar ya tsaya jiran ya farfaɗo, kuma ɗiban ƙwayoyin dashen ɓargo ya yi wuya daga baya. Wanda ake shirin yi wa dashe, dole likitan jini ya san da gashin tun kafin a zana filin da za a gasa. Ni dai ba na gaggawar gasa kowane rami da hoto ya nuna cutar ta yi a ƙashi. Sau da yawa maganin mayeloma bortezomib da dexamethasone kaɗai na kwantar da ciwon cikin 'yan makonni.

Illa kuma ta bi wurin ne. Tsakiyar baya, zafin haɗiya, don hanyar abinci na gabansa. Ƙasan baya, tashin zuciya, sai a sha maganin amai ondansetron kafin zama. Ƙugu, gudawa. Gajiya kam kusan kowa.

Likitan ƙashi:
Ranka ya daɗe, ka bar min nawa. Gashi ba ya ƙara wa ƙashi ƙarfi nan take, cikowa sai watanni, wani ramin ma ba ya cika. Idan ramin na ƙashin cinya ne kuma taka ƙafa na sa ciwo, a fara sa ƙarfe a ciki, gashi ya biyo baya idan rauni ya warke. In aka juya tsarin, ciwo ya lafa, mutum ya saki jiki ya taka, sai a ji ɓas. Ƙashin baya da ya lotsa kuma wani lokaci siminti na musamman ake ɗura masa da allura.

Alamun da ba a kwana da su: ƙafafu sun yi nauyi ko sun sage, ciwo ya zagaye ƙirji ko ciki kamar ɗamara, fitsari ya tsaya ko yana zuba ba sani. Laka ce ake dannewa. Asibiti a ranar, hoton MRI cikin awa 24, dexamethasone, sannan gashi ko tiyata. Wanda ya iso da ƙafarsa ya fi samun damar komawa da ita.

Nas ta ɗakin jini:
Na manta ɗaya. In za a fara allurar ƙarfafa ƙashi ta zoledronic, miligiram 4 duk mako huɗu, a auna ƙoda tukuna, a kuma ga likitan haƙori. Haƙorin da za a cire a cire shi kafin allurar farko, don muƙamuƙi yakan ƙi warkewa idan an cire bayan an fara.