Tambaya kan Hannah Senesh, sojar laima da aka harbe a Budapest

Malamin Tarihi, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ina son in kawo labarin Hannah Senesh, budurwa Bayahudiya da aka harbe a Budapest ranar 7 ga Nuwamba, 1944, tana da shekara 23. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da a ƙarƙashin rundunar Birtaniya take aiki, me ya sa aka gurfanar da ita bisa cin amanar ƙasa, ba a riƙe ta a matsayin fursunar yaƙi ba?

Malama 'Yar Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin asalinta. A Budapest, babban birnin Hungary, aka haife ta a 1921, sai a 1939 ta yi ƙaura zuwa Falasɗinu, wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila, ta yi karatun aikin gona a Nahalal. Ita kuwa Hungary tana ɓangaren Jamus, saboda haka hukumomin can suka ɗauke ta 'yar ƙasa ce da ta dawo tana yi wa abokan gaba aiki. Ta dira da laima a Yugoslabiya a watan Maris na 1944, ta zauna kusan wata uku tare da mayaƙan sunƙurun Tito, jagoran masu yaƙi da mamayar Jamus a ƙasar, sannan ta tsallaka iyaka zuwa Hungary a watan Yuni, aka kama ta nan take da na'urar aika saƙo. Sun yi ta dukanta don ta faɗi lambobin sirrin na'urar, har suka kamo mahaifiyarta suka kawo gabanta, amma ba ta buɗe baki ba.

Dattijon Ƙofar Mata:
Malam, ka tanadi amsa, domin yaran Kano ba za su ji wannan labari ba tare da sun ɗago batun Falasɗinu ba, kuma ba su yi laifi ba. Ita mai ra'ayin kafa ƙasar Yahudawa ce, kuma a 1950 aka mayar da gawarta Tsaunin Herzl da ke Ƙudus, inda ake girmama ta har yau. Sai dai a ganina rashin adalci ne a ɓoye musu abin da ya mayar da ita Turai, wato ƙoƙarin ceto Yahudawa daga kisan gillar da ake yi musu: daga Mayu zuwa Yuli na shekarar da aka kama ta, an loda Yahudawan Hungary fiye da 400,000 a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa Auschwitz, sansanin da Jamus ke kashe Yahudawa. Ka kuma tuna musu cewa rundunar da ta ɗauke ta ita ce ta kwashi iyayenmu zuwa yaƙin ƙasar Bama (Burma).

Malama 'Yar Fagge:
Gaskiya ne, Baba. Akwai kuma abin da ya shafi tambayar Malam kai tsaye: a 1993 kotun soja ta Hungary ta sake duba shari'ar, ta wanke ta daga laifin cin amanar.