Mai buga gem jefi-jefi, yana jin daɗin gasa kuwa?

Ma'aikaci, Rijiyar Zaki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sai bayan Isha'i nake samun ɗan lokacin taɓa waya. Ƙanena ya saka min gem ɗin ƙwallon ƙafa na eFootball, amma duk sanda na shiga karawa da mutanen intanet sai a yi min ruwan ƙwallaye. Ku da ba kullum kuke bugawa ba, ya kuke yi? Ko abin na masu lokaci ne kawai?

Mai gidan gem, Kurna: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a gabana ake yin abin kullum. Ba rashin iyawa ke korar mutum ba, dokar nan ce ta "wanda aka ci shi zai biya". Yaron da ya wuni a shago, ko kallon maɓallan hannunsa ba ya yi, shi za a haɗa da magidancin da rabonsa da gem tun zamanin Winning Eleven a PS2. A ci shi, ya biya kuɗi, yara kuma su yi masa ihu. Gobe ba za ka gan shi ba. Da na ware talabijin ɗaya na ce a nan raba kuɗi ake yi, ko ka ci ko a ci ka, sai ga manyan sun dawo. Yammacin Juma'a suke cika, a sa musu gem ɗin ƙwallo na FC, wanda a da ake kira FIFA, kowa ya ɗauki Madrid ko Barcelona, a yi ta zolaya har janareta ya fara tari.

Ɗaliba, Kabuga: Ni gem ɗin harbi na Free Fire nake yi, ita ma sai an yi hutu. Mutum 50 ake zubawa a tsibiri, cikin kamar minti 10 an gama, don haka ba ta cin lokaci. Na fi son Clash Squad, huɗu da huɗu, ni da 'ya'yan yayata. Makirfon kam a kashe yake in da baƙi, domin da sun ji muryar mace shi ke nan, an bar wasa an koma surutu.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Malam, akwai abin da ya kamata ka sani. Yawancin gem ɗin nan suna auna ƙarfinka ne su nemo maka tsaranka, shi ya sa in ka daɗe za ka ga ci da rashi sun kusa zuwa ɗaya. A farko ma, a PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, da yawa daga waɗanda kake harbewa ba mutane ba ne, kwamfuta ce aka sa don ka saba. To in ka shiga asusun ƙanenka da ya riga ya hau sama, tsaransa za a kawo maka, ba naka ba. Buɗe naka. Sannan ka duba netwok: in sabis na rawa, sai ka danna maɓallin fasin, ɗan wasa ya yi jinkiri, kafin ya motsa an ƙwace ƙwallon. Wayoyi marasa ƙarfi, masu RAM 2GB, ana kawo min su da zafi kamar an ciro daga murhu, mai ita yana cewa hannunsa ne ya lalace.

Tela, Gwale: Ni fa ban yarda ba gaba ɗaya. Tun da gem ɗin ƙwallo na PES ta koma eFootball a 2021 ta zama kyauta, amma kyautar da biyu ce. Mai kuɗi ya sayi koyin, wato kuɗin cikin gem, ya tara manyan 'yan wasa, kai kana fama da waɗanda aka ba ka. A gem ɗin harbi kuma in kakar gasa ta ƙare a sauko da matsayinka, ka sake hawa. Mai ɗinkin Sallah a gabansa ina ya ga wannan lokacin? Na koma Dream League Soccer ina karawa da kwamfuta, hankalina kwance.

Mai gidan gem, Kurna: Maigida tela, gaskiyarka a kan koyin. Amma a shago da ƙungiyoyin da gem ya zo da su ake bugawa, ba wanda ya sayi kowa. Ka zo ran Juma'a bayan La'asar, akwai wani mai shayi da shi ma har yanzu maɓallin fasin da na shot rikice masa suke yi, sai in haɗa ku.