Shawarwari Kan Shukar Tsakar Gida

A wata tattaunawa kan yadda ake kula da shukar tsakar gida, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe shukar bokiti. A fara huda gindin bokitin, sannan a cakuɗa ƙasa da yashi da takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, wannan kam babu wanda ya musa.

Kan zogale aka fi jan magana. Wata dattijuwa ta ce ita reshe take dasawa, don ya fi saurin ba da ganyen kwaɗo. Wasu suka ce na iri ya fi jure iskar farkon damina, tunda saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai. Ni dai a gidan haya reshen zan zaɓa. Da ya kai kamar mita ɗaya a datse kansa, in ba haka ba sai ya miƙe siriri har ganyen ya gagari hannu.

Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. In ƙwari sun kama ganyen tattasai, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa. Awaki kuwa sai shinge.