Wai Sin ce sabon ubangida? Yadda ta kaya a gurup ɗin 'yan fadar hira ta unguwar Zariya a Maraɗi

Sani Mai Sola: Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada an taru an yi mini dariya don na ce Amurka ta gama yayi, har wani yaro da bai taɓa wuce Dan Isa ba shina ce mini kallon TikTok ya yi mini yawa. To ga ni na maimaita. A 2025 Trump ya ɗora ma kayan Sin haraji har 145 cikin ɗari, su ko suka rama da 125 suka kuma riƙe ma'adinan nan da ake maganaɗisun motoci da makamai da su, ba a yi wata biyu ba aka zauna Janiba kowa ya sauke. Salular da kuke zagina da ita ma Tecno ce, ta Sin. Sin ce sabon ubangidan duniya, mai jin haushi ya sha ruwa.

Lawali: Ubangidan wa? Kai dai ka yi ubangida. Mu tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 muka daina wannan magana, Faransa ta kwashe sojojinta, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024, yanzu kai kuma ka jawo mana wani.

Sani Mai Sola: Na ce na duniya, ban ce na Nijar ba.

Lawali: Nijar a wata take?

Malam Isufu: Ku tsaya mu koma kan zancen. Ta fannin soja har yanzu akwai rata, Amurka na da manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen yaƙi 11, Sin na da 3, kuma kasafin sojan Amurka ya haura dala biliyan 800 a shekara. Inda Sin ta wuce shi ne yawan jiragen ruwa da saurin ƙera su. Sansaninta na Jibuti ma sai 2017 ta buɗe, kusa da na Amurkawa.

Hajiya Rabi: Lawali wanda ya ba ka bashi mi sunanshi? Afrilun 2024 ba CNPC, kamfanin man Sin, ce ta ba gwamnati dala miliyan 400 a biya da ɗanyen mai ba? Matatar SORAZ kashi 60 nasu ne 40 namu, bututun Agadem zuwa Benin kusan kilomita 2,000 su suka shimfiɗa. In wannan ba ubangida ba ne ku ba shi suna mu ji.

Lawali: Abokin hulɗa ne Hajiya. Yaro na korar ubangidanshi? A Maris 2025 an kori manyan Shinuwa uku na kamfunan mai, aka kuma ƙwace lasin otel ɗinsu a Yamai. 

Dan Gobir: Ni dai abin da ban gane ba, mai na Agadem, matata Damagaram, mu Maraɗi da muka riƙe kasuwar ƙasar nan sai layi a gidan mai.

Habu Damagaram: To a kai matatar babbar kasuwa ku kasa ta a tire, tunda komi kun iya saidawa.

Dan Gobir: Bakatsine ma ban raga mishi ba balle kai.

Malam Isufu: Ba wanda ya ce komi kan alƙaluman da na kawo.

Lawali: Malam kai dama Muryar Amurka ta raine ka.

Malam Isufu: Ni ba na kowa ba ne. Kuma ku tuna ƙasar nan ta taɓa barin Sin ta koma ma Taiwan a 1992, sai 1996 aka dawo, kenan kowace gwamnati inda ta ga maslaha take bi. Alhaji Sani kai kanka in za ka Gwanzu can Sin sarin kaya, dalar wa kake canza sefarka ka saya?

Sani Mai Sola: Wannan harkar kasuwa ce, daban take.

Hajiya Rabi: Tunda an zo harkar kasuwa, batirin da ka saida mini kafin azumi ko fanka ba ya riƙewa zuwa asuba, kayan ubangidan naka ne ko?

Sani Mai Sola: Haba Hajiya, na nuna miki mai kyau kika ce jika nawa, kika ɗauki mai arha. Shinuwa gwargwadon kuɗinka suke ƙera maka. Kuma cikon jika 15 har yau ban gani ba.

Hajiya Rabi: A gaban mutane za ka yi mini tashin bashi? Allah ya isa.

Alhaji Mamman (shugaban gurup): Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Sin ta sha gaban Amurka, saɓanin kan kalma ɗaya ne kawai, ita ma Alhaji Sani bai faɗi ƙarya ba. Lissafin jiragen Malam Isufu ba mu da hanyar tantancewa, a bar shi. Hajiya da Alhaji ku same ni shago gobe bayan la'asar, dama sababbin babura Haojue sun iso, mai so ya zo ya duba.

Malam Isufu: Ni ban yarda ba fa, a rubuta.