Maganin Kampo na Japan bayan jinyar kansar mahaifa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. An yi wa yayata tiyatar kansar mahaifa, aka haɗa da ma'ajiyar ƙwanta aka cire, al'adarta ta ɗauke lokaci guda alhali ba ta cika shekara arba'in da biyar ba. Zafi yakan taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta farka da dare rigarta sharkaf da gumi. Likitanta ya ƙi ba ta maganin istirojin, wato sinadarin jikin mace da ma'ajiyar ƙwai take samarwa, saboda irin kansar. Shin maganin gargajiyar Japan da ake kira Kampo zai yi mata amfani?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara mata lafiya. A Japan likitocin asibiti ne suke rubuta Kampo, kuma inshorar lafiya ta ƙasar tana biyan kuɗin haɗi 148. Uku ne suka yi fice wajen larurar mata. Ana ba da tokishakuyakusan ga mace marar jiki mai yawan jin sanyi da kumburi, kamishoyosan ga wadda saurin fushi da rashin barci suka fi damunta, keishibukuryogan kuwa ga mai ƙarfin jiki wadda fuskarta take zafi ƙafafunta suna sanyi. Yanayin jikin mace ake dubawa kafin a zaɓa.

Malam Mai Nazari: Anti ta yi bayani, amma hujjar ba ta da ƙarfi sosai. A wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2011, keishibukuryogan bai fi maganin bogi (wanda babu sinadarin magani a ciki, ana ba da shi don kwatantawa) rage tasowar zafi ba, ya kuma sa wasu matan gudawa. Kamishoyosan yana ɗauke da saiwar likoris, wadda takan tayar da hawan jini ta rage sinadarin fotasiyam a jini, da 'ya'yan tsiron gadeniya, waɗanda aka danganta shan su shekara da shekaru da cutar jijiyoyin jini na hanji.

Anti Nas: Gaskiya ne, Malam. Hajiya, kada ta fara sha sai likitan kansarta ya ga jerin abin da ke ciki. Ta kuma tambaye shi game da magungunan asibiti venlafaxine ko gabapentin, domin suna rage zafin ba tare da istirojin ba, sannan ta nemi a auna ƙarfin ƙashinta, tunda ɗaukewar al'ada da wuri tana raunana ƙashi.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Tana da hawan jini tun kafin tiyatar, don haka zancen likoris ɗin za mu fara kai wa likita.